Shekarar da Nu'uman Ya Karye

Duk wanda ya san layin 'yan madara a kasuwar Singa ya san Nu'uman na unguwar Zaitawa. Dogo ne, fari, mai ɗan siririn gemu, kuma ko ciniki ake da shi sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗa. Kakansa Balarabe ne da ya biyo ayari daga Gadamas, ya zauna a cikin birni, ya gina gidan ƙasa mai soro biyu wanda har yau zuriyarsa ke ciki. Dukiyar kakan ba ta iso jikoki ba. Abin da ya iso su shi ne gidan, da hasken fata, da shaidar da mutane ke yi cewa 'yan gidan ba sa cin kuɗin kowa.

Da wannan shaida Nu'uman ya shiga kasuwa. Ya daɗe yana tsaron shago a wurin Alhaji Salisu, babban dilan sukari da madara, har Alhajin ya sallame shi, ya kama masa shago, ya riƙa ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Ganin haka sai wani dilan taliya da wani dilan fulawa su ma suka buɗe masa sito. Ba rubutu, ba shaida, waya kawai zai ɗaga a loda masa mota. Mafi yawan masu sayen kayansa mutanen Nijar ne, na Maraɗi da Damagaram, su ma a kan amana yake tura musu, kuɗi su biyo baya.

Ya auri Saudatu, suka haifi 'ya'ya uku, babbar ita ce Rahma. Suna zaune a sashensa na gidan gado, yayarsa Nana Hadiza tana ɗaya sashen tun rasuwar mijinta, tana gasa gurasa ana sara. Ya sayi mota. Ya sayi fili a Ɗorayi ya fara gini har ya kai linta. Da harka ta buɗe sosai, sai ya karɓi rance a wani ƙaramin banki ya ƙara jari, ya ajiye musu takardun filin da na motar. Bai taɓa jin wani ɗar a ransa ba, domin bai taɓa saɓa ranar biya ba.

A daminar da sojoji suka karɓe mulki a Nijar aka rufe iyaka, Nu'uman yana da kaya a manyan motoci biyu a hanya. Ɗaya ta riga ta tsallaka ta sauke wa wani tsohon abokin cinikinsa a Damagaram. Ɗayar ta maƙale a layi tare da sauran motoci, ruwa yana dukanta safe da yamma. Kowa cewa yake gobe za a buɗe, jibi za a buɗe. Da direban ya gaji da jira, sai ya bi wasu ta ɓarauniyar hanya ba tare da ya yi shawara da kowa ba, motar ta kafe a wani rafi, ta kwanta a gefe guda.

Nu'uman yana cin shinkafa da wake a bakin shago lokacin da direban ya kira. Ya saurara har mutumin ya gama rantse-rantsensa. Sukari ya narke, fulawa ta zama dutse, abin da ya tsira na madara da taliya mutanen ƙauye sun kwashe.

“Ba wanda ya ji ciwo?” in ji Nu'uman.

“Babu, Alhaji.”

“To, madalla.”

Ya ajiye wayar ya ci gaba da cin abincinsa har ya cinye, ya wanke hannu, ya tafi masallaci. Shi kansa ya yi mamakin yadda bai ji komai ba. Ya ɗauka abin zai zo masa daga baya, in ya koma gida, ko in ya kwanta. Bai zo ba.

Mutumin Damagaram ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa hanyar turo kuɗi ta toshe, shi ma nasa masu sayen sun riƙe masa. Daga baya wayarsa ta daina shiga. Nu'uman bai gaya wa kowa gaskiyar girman ramin ba. Ya riƙa karɓar kayan wannan ya sayar a ƙasa da farashi ya rage wa wancan. Da watan banki ya zagayo ba shi da abin biya, sai wani maƙwabcinsa a kasuwa ya nuna masa masu ba da rance ta waya, waɗanda ba sa neman jingina, hotonka da lambobin da ke cikin wayarka kawai suke so. Ya karɓa a wuri ɗaya, ya karɓa a na biyu don ya biya na farko. Duk wannan yana yinsa ne kamar mai yi wa wani aike. Kafin sanyi ya shiga, shagon ya zama fayau, sai katan-katan marasa komai da ya jera a gaba don kada a gane.

An gane ɗin. Ranar da abin ya fashe, hotonsa ne masu rancen waya suka yaɗa, ya shiga wayoyin mutane, da jan rubutu a ƙasa cewa ɓarawo ne ana nemansa. Ya shiga wayar limamin unguwa, ya shiga ta surukansa, ya shiga ta malamar su Rahma. Yarinyar ta dawo daga makaranta ta tsaya a ƙofar ɗaki da jakarta a baya.

“Abba, wai gaskiya ne?”

“Bashin gaskiya ne. Satar ce ba gaskiya ba.”

Ta tsaya tana jiran ƙari. Sai ya ce ta je ta ci abinci. Saudatu ce ta yi kukan, ta yi nata ta yi nasa. Ta ce, “Abban Rahma, ko faɗa ne ka yi mana, ko tsaki. Wannan shirun naka ya fi komai ba ni tsoro.” Ya ce mata lafiyarsa ƙalau, kuma a iya saninsa gaskiya ya faɗa. Yana ci, yana barci, yana salla a kan lokaci. Abin da ya sani kawai shi ne komai ya yi masa nisa, har muryarsa in yana magana sai ya ji kamar daga soro take fitowa.

Dilan fulawa ne ya fara kai ƙara wurin 'yan sanda. Nu'uman ya wuni a bayan kanta, ba takalmi, yana kallon wata ƙadangaruwa tana hawa bango tana sauka. Da la'asar Nana Hadiza ta zo da Malam Gali, wani dattijo mai karantar da littattafan fiƙihu a unguwar Madabo, wanda 'yan kasuwa kan kira in rigimar bashi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Shi ya tsaya masa aka ba da beli, kuma shi ya roƙi masu bin bashin su zo a zauna kafin a kai ga kotu.

A soron gidan su Nu'uman aka yi zaman, da hantsi, a kan tabarmi. Alhaji Salisu ya zo, mai taliya ya zo, mai fulawa ya zo yana huci. Malam Gali ya sa Nu'uman ya faɗi duk abin da ake binsa da duk abin da ya mallaka, kada ya ɓoye ko allura. Ya faɗa tiryan-tiryan, ba rawar murya, har mai fulawa ya ce, “Ku ji shi fa! Kamar labarin wani yake bayarwa.”

Malam Gali ya ce hanya biyu ce a gabansu. Ko su je gaban alƙali ya tabbatar da cewa mutumin nan ya karye, a hana shi taɓa dukiyarsa, a sayar da abin da ya rage a raba musu gwargwadon abin da kowa ke bi, a bar masa tufafinsa da abin da iyalinsa za su ci, sauran kuma sai ranar da Allah ya hore masa. Ko kuma su yi sulhu a nan, kowa ya sauke wani abu, a yanka masa abin da zai iya biya a hankali.

“Ɗauri fa?” in ji mai fulawa.

“Wanda yake da shi ya hana, shi ake ɗaurewa. Wanda ba shi da shi, jinkiri ake yi masa. In ka ɗaure shi, wa zai nemo maka kuɗin?”

Sai gardama ta koma kan farashi. Kaya sun yi tashin da ba a taɓa gani ba tun bayan da ya ɗauka, buhun da aka ba shi jiya ya kusa ninkawa yau. Mai fulawa ya ce shi buhunansa yake so, ba kuɗin bara ba. Malam Gali ya ce a'a, ciniki ya faɗa a kan farashin ranar da aka loda, shi ne bashin. Alhaji Salisu, wanda ya fi kowa yawan kuɗi a ciki, ya sa baki. Ya ce ya yafe kashi ɗaya cikin uku, ba don Nu'uman ya kyauta ba, domin da ya zo ya faɗa masa tun ranar da mota ta faɗi da ba a kai nan ba. Mai taliya ya bi bayansa. Mai fulawa ya ce shi ba zai yafe ko sisi ba, kuma ai mutumin yana da gado a wannan gidan da suke zaune, a fitar masa da rabonsa a sayar.

A nan ne aka ji muryar Nana Hadiza daga bayan ƙyauren soro na biyu.

“Malam, a yi mini izini. Gidan nan ba za a shigo mana da bare ba. A kira masu sanin farashi su yi wa rabonsa kuɗi, ni zan saya.”

Ta sayar da sarƙa da 'yan kunnen zinaren da ta gada wurin mahaifiyarsu, ta kwashi adashinta, ta ranto sauran a wurin 'yan uwan mijinta. Aka biya mai fulawa har ƙwandala, ya tafi bai waiwayo ba. Ranar da aka sa hannu a takardar, ta sami ƙanen nata a tsakar gida ta ce, “Sashen nan nawa ne yanzu. Na ba ka aro, ka zauna har ranar da ka gaji.” Ya ce, “Na gode, Yaya.” Ta dube shi ta daɗe, kamar mai neman wani abu a fuskarsa, sannan ta koma bakin tanderunta.

Banki kuwa ba a soro ake zama da shi ba. Nu'uman ya yi ta zarya har aka haɗa shi da wata ma'aikaciya mai suna Bahijja, wadda ta yi masa bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Za su sayar da filin da motar. Za ta rubuta a roƙa masa a cire tarar jinkiri da wani ɓangare na kuɗin ruwa, abin da ya saura a shimfiɗa masa shi a shekaru, yana biya duk wata. Amma ya sani sunansa ya riga ya shiga inda duk bankuna ke dubawa, ba wanda zai ba shi rance har sai ya gama, kuma ko bayan ya gama tabon zai jima. Ta ƙara da cewa duk kuɗin da ya shiga wani asusu mai sunansa, za a iya janye shi.

“Kin gama?” ya tambaya.

“Na gama, Alhaji. Kana da tambaya?”

“A ina zan sa hannu?”

Masu rancen waya su ne na ƙarshe. Saudatu ta fitar da firji da janareta da gadonta na aure aka sayar, aka biya su uwar kuɗinsu, Malam Gali ya sa wani lauya ɗalibinsa ya rubuta musu kashedi a kan hoton da suka yaɗa. Suka yi ta kira na ɗan lokaci, sannan suka bari. Aka cire yaran daga makarantar kuɗi aka mai da su ta gwamnati. Da azumi ya zo, Malam Gali ya sa sunansa a cikin waɗanda bashi ya danne, masu rabo a zakka. Nu'uman ya je ƙofar gidan wani attajiri a Sheshe ya bi layi, a gabansa akwai wani ɗan dako da ya sha sauke masa kaya. Mutumin ya yi ta sunkuyar da kai yana jin kunya a madadinsa. Nu'uman ya karɓi ambulan ɗinsa, ya wuce kai tsaye ya kai wa mai taliya.

Daga nan sai ya zauna. Ya fi wata shida ba ya wuce masallacin unguwa. Da safe ya shimfiɗa tabarma a soro, ya bi inuwa tana matsawa yana matsawa. Masu sarin gurasa su shiga su fita su gaishe shi, ya amsa. Abokan da suke cika shagonsa da hira suka ɗauke ƙafa, bai ji haushinsu ba. Aka buɗe iyaka, ya ji a rediyo, bai ko gyara zama ba. Wani ya kawo labarin cewa mutumin Damagaram ya sayar da gidansa ya koma Agadas, shi ma masu bashi sun kore shi. Nu'uman ya ce Allah ya rufa asiri. Gurasar Nana Hadiza da ɗinkin da Saudatu ta koma yi su ne suka riƙe gidan, har da biyan bankin wata-wata.

Wata ranar Talata da hantsi sai ga Alhaji Salisu da kansa, ya bar motarsa a bakin titi ya tako lungun da ƙafa. Bai zauna ba.

“Nu'uman, zaman me kake yi?”

“Ba komai, Alhaji.”

“Na ga alama. To ni ban zo jaje ba, na riga na yi. Kuɗina na zo nema. In ka mutu a soron nan, wa zai biya ni? Yayarka?”

Ya gyara tsayuwa ya ci gaba.

“Gobe ka same ni a sito. Ba zan ba ka mota ba, ba zan ba ka shago ba. Katan biyar na madara da buhun sukari ɗaya. Ka zaga da su cikin gari wurin masu shayi da masu kanti, kafin magariba ka kawo mini kuɗina a hannu. Ribar mu raba biyu, rabi naka, rabi a rage bashi. Ranar da ka kwana da kuɗina, mun rabu.”

Washegari ya je. Shiga Singa ya fi komai wuya a wurin waɗanda suka karye, wasu har garin suke bari don kada su bi ta layinsu na da. Shi kam ya bi ta gaban tsohon shagonsa, ya ga wani yana sayar da sabulu da man girki a ciki, an sake fenti, ya yi masa sallama ya wuce. Ya ji ana ƙus-ƙus a bayansa. Ya loda kayansa a adaidaita sahu, ya zauna a kan buhun sukarin.

Haka ya riƙa yi kullum in ban da Juma'a. Ya san duk mai shayin da ke tsakanin Mandawari da Madabo, ya san wanda ke son madarar gwangwani da wanda ke son ta gari. Kafin magariba yana gaban Alhaji Salisu da kuɗi a leda. Alhajin ba ya yabo, ƙirgawa kawai yake ya ce, “Sai gobe.” Bayan wasu watanni katan biyar suka zama goma sha, aka koma lissafi duk mako. Mai taliya ya tare shi a hanya wata rana ya ce, in yana so ya riƙa haɗawa da taliya, amma shi ma a kan sharaɗin Alhaji. Ya ce yana so. Wasu dilolin har yanzu in ya yi sallama sai su ce kaya sun ƙare, alhali yana ganinsu jibge. Ba ya musu.

Yanzu shekara ta biyu ke nan yana wannan zagaye. Ya gama da mai taliya. Na banki ya kusa rabi, na Alhaji Salisu kuwa da saura sosai, shi kansa ba ya son a tambaye shi yaushe zai ƙare. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Saudatu ta ce wani lokaci takan ji shi yana yi wa ƙaramin ɗansu wasa, sai ta leƙo, sai ta tarar ya riga ya yi shiru.

Kwanakin baya ya kai kaya wurin wani mai shayi a Madabo mai suna Abdulhakeem, mutumin da bai taɓa yi masa wasa da kuɗi ba. Mutumin ya ja shi gefe ya ce matarsa tana asibiti an yi mata aiki, jarinsa ya tafi can, ko zai bar masa katan ɗaya bashi zuwa Asabar. Nu'uman ya tsaya da katan ɗin a hannu. Mai adaidaita yana ta danna ham, ruwan shayi yana tafasa a tukunya, shi kuwa yana tsaye.

“Kayan ba nawa ba ne,” ya ce.

“Na sani, Alhaji. Shi ke nan, ba komai.”

Nu'uman ya ajiye katan ɗin a kan teburin. Ya zaro kuɗin da ke aljihun gaban rigarsa, ribarsa ta kwana biyu wadda ya yi niyyar sayen shinkafa da ita, ya ƙirga kuɗin katan ɗaya ya zura a ledar Alhaji Salisu.

“Yanzu katan ɗin ya zama nawa. Asabar ɗin da safe zan biyo.”

Abdulhakeem ya fara jero godiya da addu'a. Nu'uman ya ɗaga masa hannu, ya koma cikin adaidaita, ya ce wa direban su bi ta Sheshe, akwai masu kanti biyu da ke jiran sukari.